Nazarin Lamarin Duna, Wani Karen Gadi Mai Saurin Harzuƙa a Zariya

Wannan nazari ya shafi wani kare ne mai suna Duna, namiji, ɗan kimanin shekara biyu, wanda ake kiwo a wani gida da ke wajen Hanwa a Zariya. Uwarsa karyar gida ce, ubansa kuwa daga irin da mutane ke kira karen 'yan sanda ne, saboda haka ya ɗauko tsawon ƙafar uwar da faɗin ƙirjin uban. Maigidan ma'aikaci ne da ya yi ritaya, yana zaune da uwargidansa da 'ya'ya uku da suka rage a gabansu, kuma ya nemo karen ne bayan ɓarayi sun haura katanga sun tafi da janareto da tumaki biyu. Sai da ya tuntuɓi malaminsa kafin ya kawo shi, aka ce masa kiwon kare domin gadi babu laifi. An neme ni ne saboda na daɗe ina taimaka wa masu karnukan gadi a Samaru da Palladan wajen horo, ba don ni likitan dabbobi ba ne, kuma duk abin da ya shafi lafiyar karen likita ne ya yanke shi.

Ƙorafin mutanen gidan shi ne Duna ba ya barin kowa ya gitta ta ƙofar gida. Da zarar ya ji ƙarar babur, ko ƙarar kurar mai ruwa, ko muryar almajiri yana bara, sai ya zabura har sarƙa ta finciko shi baya, ya miƙe a kan ƙafafun baya yana haushi, kumfa na fita daga bakinsa, kuma kiran sunansa a wannan lokaci ba ya shiga kunnensa ko kaɗan. An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin ƙwazon gadi, har maigidan yana alfahari da shi a majalisa, sai ranar da wani almajiri ɗan shekara tara ko goma ya tura ƙaramar ƙofa ya shigo karɓar ragowar tuwo kamar yadda ya saba, aka yi rashin sa'a ƙugiyar sarƙar ta ɓalle, karen ya cafki ƙwaurinsa. Raunin bai yi zurfi ba, amma haƙori ya huda fata.

Mataki na farko ba na horo ba ne. Uwargidan ta wanke raunin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, wanda shi ne abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, sannan aka kai yaron asibiti aka fara masa allurar rigakafin ciwon haukan kare, domin allurar Duna ta shekara ta wuce lokacinta ba a sabunta ba. An killace karen ana lura da shi kwana 10, bai nuna alamar ciwon ba. Wannan ba wurin sakaci ba ne, domin cutar tana kashe mutane kimanin 59,000 a duniya kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma idan alamunta suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tsira. Malamin yaron da maƙwabta sun kai maganar gaban mai unguwa, aka ba maigidan zaɓi: ko ya rabu da karen, ko ya tabbatar hakan ba za ta sake faruwa ba. Ya zaɓi na biyu.

Yadda aka yi renonsa

Da na tambayi tarihin Duna, sai tushen matsalar ya fito fili. An raba shi da uwarsa yana da mako biyar ko ƙasa da haka, kuma wanda ya sayar da shi ya ba da shawarar da ake yawan bai wa masu sayen karen gadi a garin nan, wato a kulle ɗan kwikwiyon a keji a bayan gida, kada ya ga baƙo, kada yara su yi wasa da shi, wai don ya tashi da zafi. An bi shawarar sau da ƙafa. Binciken da John Paul Scott da John Fuller suka shafe shekaru suna yi a jihar Maine ta Amurka, wanda suka wallafa a 1965, ya nuna cewa tsakanin mako na 3 da wajen mako na 12 na rayuwar ɗan kwikwiyo ne yake koyon waɗanne mutane da waɗanne abubuwa ne na yau da kullum, kuma abin da bai saba da shi ba a wannan tsakani yakan zame masa abin tsoro daga baya. Duna ya cinye waɗannan makonni yana kallon bangon bulo da ƙafafun mutum biyu masu kawo masa abinci.

Da ya kai wata bakwai aka fito da shi aka ɗaure a turke kusa da get. A ƙasan get ɗin akwai rata mai faɗin tafin hannu biyu, ta inda yake ganin tayoyi da ƙafafu suna wucewa ba tare da ya ga masu su ba. Yaran unguwa sun gano ratar, suna zuro kara suna tsokanarsa, wasu suna jifa ta saman katanga. Sarƙar ba ta wuce taku uku ba, saboda haka ba shi da inda zai janye ya ɓuya. Idan ya yi gurnani ga wani daga cikin mutanen gida kuma, sai a zabga masa dorina.

Abin da na gani da idona

Na roƙi a bar ni in zauna daga nesa a tsakar gida da la'asar, lokacin da 'yan makaranta ke dawowa, ba tare da na kula karen ba. Abin da ke faruwa kafin haushin shi ne muhimmi, kuma shi ne abin da mutanen gidan ba su taɓa lura da shi ba. Tun babur yana can bakin layi, kafin ni in ji ƙararsa, Duna yakan daina haki ya rufe baki. Sai ya lashi hancinsa da sauri, kunnuwansa su kwanta baya, nauyin jikinsa ya koma kan ƙafafun baya, wutsiya ta sauka ta sandare, ya kawar da kai gefe amma idonsa na kan ratar har farin idon ya bayyana. Duk wannan bai fi daƙiƙa uku ko huɗu ba, sannan ya fashe da haushi. Da babur ya wuce sai ya girgiza jiki, ya yi hamma, ya koma ya raɓe a jikin bango yana haki.

Karen da yake jin ƙarfinsa ba haka yake tsayawa ba. Wannan tsayuwar mai jin tsoro ce, wanda ya ga ba shi da hanyar gudu sai ya zaɓi ya kori abin tsoron. Abin da ya ƙara kafa halin kuwa shi ne, a ganinsa dabarar tana aiki kullum: ɗan acaɓa da ma wucewa zai yi, amma Duna ya yi haushi, babur ya tafi, sai ya ɗauka haushinsa ne ya kore shi. A layin da babura ke zirga-zirga daga asuba zuwa dare, yana maimaita wannan darasi sau da yawa a kowace rana, fiye da duk wani horo da mutum zai iya ba shi.

Dorinar ma ta yi nata ɓarnar. Gurnani gargaɗi ne, kare yana cewa a ba shi wuri. Idan aka dake shi duk lokacin da ya yi gurnani, tsoron yana nan, gargaɗin ne kawai ya ɓace. Waɗanda suka ga cizon almajirin sun ce karen bai yi gurnani ba sam, kuma ban yi mamaki ba.

Na nemi a kai shi wurin likita kafin a fara komai, domin ciwo yana gajarta haƙurin dabba. Mutanen Zariya suna da sauƙi a nan, tunda akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga kuma likitoci masu zaman kansu. Likitan da ya duba Duna ya tarar da kunnen hagu ya ruɓe daga ciki yana wari, ga kaska a tsakanin yatsu da bayan kunnuwa, ga kuma gyambo a wuya inda sarƙa ke gurzarsa. Wato duk zaburar da yake yi, ƙarfe yana daɓa masa ciwo a daidai lokacin da yake kallon baƙon. An yi masa magani, aka sabunta allurarsa. Maigidan ya tambayi ko fiɗiya za ta kwantar da shi, likita ya ce kada ya sa rai, domin fiɗiya ba ta maganin tsoro.

Gyaran gida kafin gyaran kare

A ra'ayina, fiye da rabin nasarar da aka samu daga birkila da mai walda ta fito, ba daga ni ba. An toshe ratar ƙasan get da langa-langa. An cire turken gaba ɗaya, aka kewaye wani ɓangare na bayan gida ƙarƙashin bishiyar mangwaro da waya mai ƙarfi, wuri mai inuwa wanda zai iya zagayawa a ciki babu sarƙa, da ɗan ɗaki da zai shige idan ya so. Tsakanin wurin da ƙofar waje yanzu ƙofa biyu ne, kuma ka'idar gidan ita ce ba a buɗe ɗaya sai ɗayar tana rufe. Uwargidan ta sanya wa almajirai lokacin karɓar abinci, a miƙa musu a waje, ba mai shigowa. Mai ruwa yana ƙwanƙwasawa ya jira a ba shi izini. Da dare bayan an kulle gida ne ake sakin Duna a tsakar gida, wanda shi ne ainihin lokacin aikin da aka kawo shi dominsa.

An kuma ajiye dorina, kuma wannan ne ya fi wuyar karɓuwa. Maigidan ya ce mini: "Malam, kare fa ba ɗan mutum ba ne da za a lallashe shi. In ya huce, wa zai yi mini gadin?" Na ce masa: "Baba, tun da aka kawo shi, sau nawa ka fito cikin dare saboda haushinsa?" Ya yi shiru, sannan ya amsa cewa sun daɗe da daina fitowa, domin ko akuya ce ta gitta haka yake yi. Karen da ke yi wa komai haushi ya daina ba da labarin komai, kuma ɓarawon da ya san unguwa ya san haka.

Horon kansa

Ɗan gidan na biyu, ɗalibi ɗan shekara ashirin, shi ne Duna ya fi sakin jiki da shi, saboda haka shi ya riƙe igiya. An fara da takunkumi, irin mai kama da kwando wanda kare zai iya haki da shan ruwa da karɓar abinci a cikinsa, ba irin na ƙyalle mai matse baki ba, wanda a zafin watan Maris da Afrilu zai iya halaka kare, tunda da haki yake sanyaya jikinsa. Ba a ɗaura masa da ƙarfi ba. An riƙa sa abinci a cikin takunkumin yana zura bakinsa da kansa, har ya kai da ya gan shi yake kaɗa wutsiya. Igiyar kuma an mayar da ita kan ɗamarar ƙirji don a bar wuyan ya warke.

Dabarar da aka bi tsohuwa ce. A 1924 wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Mary Cover Jones, ta cire wa wani ƙaramin yaro tsoron zomo ta hanyar ajiye zomon daga nesa yayin da yaron ke cin abincin da yake so, tana matso da shi kaɗan-kaɗan. Abu biyu ne ginshiƙinta: nisa da tsari. Dole abin tsoron ya kasance a tazarar da kare zai gan shi amma bai harzuƙa ba, kuma dole abin tsoron ya fara bayyana sannan abincin ya biyo baya, ya kuma tsaya da zarar abin ya ɓace. Idan aka juya tsarin, aka fara nuna abinci sannan babur ya fito, ana iya wayar gari karen yana tsoron abincin.

Bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, saurayin yakan fita da Duna wani fili da ke bayan layinsu, da dafaffiyar hanta yankakkiya ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa a cikin leda. Na hana tsire da kilishi, saboda yaji da albasa, domin albasa tana lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare. Wani maƙwabci mai babur ya yarda ya taimaka. A farko sai da ya tsaya wajen mita hamsin, babur a kashe, kafin Duna ya iya karɓar hanta, kuma wannan shi ne ma'aunin da muka riƙe har ƙarshe: muddin ya ƙi abinci, ko ya fizge shi da haƙora maimakon ya karɓa a hankali, to an matso da yawa, sai a ja baya. Da ya kalli babur sai saurayin ya ce "yauwa" ya ba shi. Zaman bai wuce minti goma ba. Bayan 'yan makonni aka ga abin da ake nema: babur ya tashi, Duna ya kalle shi, sai ya waiwayo ya dubi hannun saurayin da kansa. An koya masa kuma kalmar "mu je", wadda ke nufin a juya a bar wurin da sauri, don ranar da abu zai ɓullo daga kwana ba zato.

Matsalar saurayin ita ce gaggawa. Da ya ga an samu ci gaba sai ya so ya rage tazarar da rabi a rana ɗaya, ko ya bi da shi ta titin Kwangila don ya gwada. Na sha faɗa masa cewa kowace zabura ɗaya tana cinye aikin kwanaki, kuma gwaji a inda ake tsammanin faɗuwa ba horo ba ne.

Koma-bayan watan Disamba

A ƙarshen shekara aka samu babban koma-baya. Yara sun shafe dare biyu suna harba nakawut a unguwa, karen bai samu barci ba. Kashegari aka yi suna a gidan, mata suka cika tsakar gida, ga guɗa, ga hayaƙin girki, ga yara suna leƙen wayar da aka kewaye shi da ita. Da yamma wata gwaggo ta je ɗebo ruwa a randar da ke kusa da wurin, Duna ya daki wayar da ƙirji har ta lanƙwashe. Bai kai gare ta ba, amma ta faɗi ta gurje gwiwa, maigidan kuma cikin kunya a gaban baƙi ya ɗauko dorinar.

Abin da ya faru sananne ne. Idan dabba ta firgita, sinadaran tashin hankali ba sa sauka daga jikinta nan take, kuma idan wani abin firgici ya zo kafin na farko ya lafa, sai su taru. Kamar randa ce da ake ta zuba wa ruwa guga bayan guga, gugan ƙarshe ba shi ne mafi girma ba, amma a kansa take ambaliya. Gwaggon ita ce gugan ƙarshe. Maganin a nan shiri ne tun kafin ranar: a mayar da karen ɗakin ajiya da ke can ƙarshen gida, a kulle da kwaɗo, a kunna masa rediyo, a ba shi abin da zai gaigaya, kada a dogara da cewa baƙi za su kiyaye. An tsayar da fita na wasu kwanaki har ya koma cin abinci da barci kamar da, sannan aka koma horo daga tazarar da aka riga aka wuce. Bai ɗauki lokacin farko ba kafin ya dawo inda yake, sai dai ya daɗe yana kauce wa maigidan. Uwargidan ce ta warware wannan, da ta ce wa maigidan: "Malam, kai za ka riƙa kai masa abincin dare, ka ajiye ka juyo, ba sai ka yi masa magana ba." Ya yi hakan, sannu a hankali karen ya daina shigewa ɗaki idan ya ji takunsa.

Inda lamarin yake yanzu

Bayan kimanin wata takwas, babur yana iya wucewa taku biyar ko shida daga Duna, ya kalla ya waiwayo. Kurar mai ruwa tana tayar masa da gashin ƙeya har yanzu, musamman idan jarkoki babu ruwa suna kwaramniya, amma yana jin "mu je". Haushin rana ya ragu har maƙwabta sun daina magana, na dare kuwa yana nan, kuma mutanen gidan sun koma fitowa idan sun ji shi.

Batun yara bai warware ba, kuma ban ba da shawarar a matsa a kansa ba. Yara ne suka tsokane shi ta ƙasan get, yaro ne ya ciza, kuma ba zan tsayar da ɗan wani a fili a matsayin abin gwaji ba, ko da akwai takunkumi. An yi ɗan aiki daga nesa sosai, daga inda ake hango filin ƙwallon unguwa, yana iya cin hantarsa a can, amma ka'idar ba ta canja ba: Duna ba ya haɗuwa da yaro ba tare da waya ko ƙofa a tsakaninsu ba, har jikokin gidan. Likita ya ambaci cewa akwai magungunan rage fargaba da ake rubuta wa karnuka irinsa a haɗa da horo, aka bar wannan sai idan an ga ci gaban ya tsaya cak.

Yarjejeniyar da aka yi a gaban mai unguwa tana nan: katin allurar karen yana hannun maigidan a nuna wa duk wanda ya nema, ba a fita da shi sai da takunkumi da igiya a hannun babba, kuma idan ya sake cizon wani ba za a sake zaman sulhu ba. Abin da ke gaban iyalin yanzu shi ne saurayin zai tafi bautar ƙasa idan ya kammala karatu, kuma duk abin da Duna ya koya a hannunsa ya koya. Ƙaninsa ɗan shekara sha bakwai ya fara bin su filin da asuba yana riƙe ledar hanta, amma ba a ba shi igiyar ba tukuna, domin karen ya fi ƙarfin hannunsa idan ya zabura.